ZAUREN HARSHE: Manyan Gari Da Sunayen Da Muke Kiran Su

  

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan wata shi ne wani taron suna da muka halarta kwanakin baya a wata unguwa ta 'yan'uwanmu a nan Gadarif. An kafa rumfa, an jera kujeru a gaba, an shimfiɗa tabarmi a baya, aka kuma ba wani saurayi lasifika domin ya riƙa sanar da isowar baƙi. Yaron yana da murya, yana da ladabi, Hausarsa kuma ba laifi. To amma duk wanda ya sauko daga mota, kalma ɗaya ce yake da ita: "Ga babban mutum ya iso." Mai mashru'in noma babban mutum, jami'in hukuma babban mutum, mawaƙin da aka ɗauko shi ma babban mutum. In abin ya ƙure masa sai ya tsallaka Larabci ya ce "zol kabir".

Can sai ga wani tsohon malami ya iso da ƙafa yana dogara sanda, malamin da rabin mutanen da ke kan kujerun nan a gabansa suka wanke allo. Yaro bai ce uffan ba, domin bai ji ƙugin mota ba. Malam ya nemi gefen tabarma ya zauna abinsa. Sai da lokacin addu'a ya yi sannan aka shiga cigiyarsa.

Wani dattijo da ke kusa da mu ya yafito yaron ya ce masa, "Ɗana, wancan da ya shigo da sanda, ba ka san shi ba ne?"

Yaro ya durƙusa ya ce, "Na san shi mana, Baba. Ai Malam ne."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Baba, na ɗauka manya kaɗai ake faɗa."

Dattijon nan bai yi masa faɗa ba. Ya dai juyo ya dube mu ya ce laifin namu ne, tunda kalma ɗaya muka bar wa yara, su kuwa suka liƙa ta a jikin mota. Wannan magana ita ce ta hana mu sakat har muka ɗauki alƙalami.

Gaskiyar dattijo ce. Bahaushe bai taɓa ɗaure manyansa a dami ɗaya ba. Yana da hanyoyi dabam-dabam da mutum ke bi ya kai ga girma, kowace hanya da sunayenta, da irin gaisuwarta, da kuma nauyin da take ɗora wa mai ita. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, muna kwatanta su da kalmomin da muke ji kullum a bakin maƙwabtanmu masu Larabcin Sudan.

Masu Sarauta

Hanya ta farko ita ce sarauta. A nan ake samun sarki, da hakimi, da dagaci, da mai unguwa. Duk wanda aka naɗa wa rawani ana ce masa basarake, ɗan sarki yarima ne, 'yar sarki gimbiya, masu zaman fada kuma fadawa. Wanda duk ba ya cikin wannan layi sunansa talaka, ko da kuwa yana da raƙumi ɗari. Wannan wuri ne da yaranmu ke yawan yin kuskure, domin a asalin Hausa talaka shi ne wanda ake mulka, wanda ba shi da abin hannu kuwa matalauci ne. A kan wannan ma'ana ta farko ce jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da Malam Aminu Kano suka gina gwagwarmayarsu ta ƙwato 'yancin talakawa daga hannun masu sarauta.

Su kansu sunayen sarautun suna ba da labarin cuɗanyarmu da maƙwabta. Galadima da Ciroma da Yarima daga Barebari muka aro su, Waziri da Alƙali da Liman kuma daga Larabawa. Ana gaida basarake da "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ba ka nasara". A rubuce ana ce wa sarki Mai Martaba, Sarkin Musulmi kuma Mai Alfarma, gwamna ko shugaban ƙasa Mai Girma.

A nan Sudan kuwa tsanin idara ahliyya muka tarar: nazir a sama, umda a tsakiya, shaihin gari a ƙasa, a wasu wurare kuma mak, ko sultan, ko amir. Shi kansa garin nan namu an daɗe ana kiran sa Suk Abu Sin, da sunan gidan sarautar Shukuriyya. Gwamnatin Numairi ta rushe wannan tsari a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da shi. Mu ma muna da namu a ciki. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira zuwa gabas har suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa, zuriyarsa kuma suka ci gaba da riƙe sarautar sultan ɗin Mai Wurno.

Akwai kuma wata irin sarauta da ya kamata mu manoman Gadarif mu tuna da ita, wato sarautar sana'a: Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma. A ƙasar Katsina da Maraɗi, a al'adar da, ba a kiran mutum Sarkin Noma sai ya noma dami dubu, sannan ya tara jama'a ya yi biki ya rabar da abin da ya noma. Ku lura da kyau: dubun ba ta isa ba sai an ci an sha a gidansa.

Masu Ilmi

Hanya ta biyu ita ce ilmi. Kalmar malam daga mu'allim ta Larabci ta fito, kuma a makarantar allo akwai matakai, daga kolo zuwa gardi, daga nan zuwa alaramma, har a kai gwani, wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma san shi ciki da bai. Malamin da ya tumbatsa a fannonin ilmi shi ake ce wa shehi ko shehun malami. Gaisuwar malami ita ce "Allah ya gafarta Malam", kuma ko sarki ne ya zo gabansa da ita zai gaishe shi. Da yaron nan namu ya san wannan gaisuwa, da bai rasa abin faɗa ba ran nan.

Maƙwabtanmu suna cewa faki ga malamin halwa, halifa ga wakilin ɗariƙa, maulana ga alƙali da babban malami, ustaz ga malamin makarantar zamani da lauya. Sayyid kuwa an fi jin sa tare da sunayen manyan gidajen nan biyu, gidan Mahdi da gidan Mirgani.

Da mulkin Turawa ya zo sai ya haifi wasu manya sababbi. A Sudan ana ce musu afandiyya, kalmar da aka gada daga Turkawa, wato ma'aikatan ofis da suka fito daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a Hartum a 1902, waɗanda suka kafa Taron Masu Ilmin Zamani a 1938, suka kuma gaji kujerun mulki a 1956. A ƙasar Hausa takwarorinsu su ne 'yan boko. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Turanci mai nufin littafi ta samo asali, amma masanin harshen nan na Amurka, Paul Newman, ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Wato kakanninmu sun raɗa wa sabon karatun sunan raini, sai ga shi 'ya'yansa sun zama ministoci, suna kuma amsa sunan da alfahari.

Masu Dukiya

Hanya ta uku ita ce dukiya, kuma a nan Bahaushe ya fi yawan kalmomi, domin a nan aka fi ruɗuwa. Mai sukuni ko mai rufin asiri shi ne wanda ya fi ƙarfin bukatar gidansa. Mai hali ya ɗara shi. Mai kuɗi shi ne wanda aka shaida ya tara, amma kalmar ba ta faɗi komai game da halinsa ba. Attajiri daga attajir ta Larabci take, wato ɗan kasuwar da dukiyarsa ke juyawa, mutane suna ci a ƙarƙashinsa. In ya gawurta sai a ce hamshaƙi ko ƙasaitaccen attajiri, irin su Kundila na Kano a ƙarni na 19, da Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, wanda Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Masu hannu da shuni kuwa ana danganta sunan da baƙaƙen riguna da rawunna masu ƙyalli da ake rinawa a Kano da Kura, waɗanda sai mai abin hannu ke iya sawa, shuninsu kuma yakan kama hannun mai su.

Sama da duk waɗannan akwai mai arziki. Arziki daga rizƙu ya fito, wato abin da Allah ya ba bawa, shi ya sa Bahaushe ke lissafa 'ya'ya da jama'a da lafiya da kyakkyawan hali a cikinsa. Ana ce wa yaro mai tarbiyya ɗan arziki ko da gidansu ba a ɗora tukunya sau uku. Akan sami mai kuɗi matsiyaci, amma ba a taɓa samun mai arziki matsiyaci ba.

Ga kuma kalmar Alhaji, wadda babu wanda ya kamata ya san nauyinta kamar mu. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, suka keta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa suna ƙwadago a hanya. Da aka buɗe aikin Jazira a 1925, da yawansu tsinkar auduga suka yi shekara da shekaru domin tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Waɗansu sun isa, waɗansu sun rasu a hanya, waɗansu kuma sun zauna, mu ne jikokinsu. A wancan zamani in aka ce Alhaji, ana nufin mutumin da ƙafarsa ta fashe saboda Allah. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, kuɗin man fetur kuma suka kwararo Nijeriya a shekarun 1970, sai kalmar ta koma laƙabin duk mai babbar riga da mota, har yaran kasuwa na kiran mai saye Alhaji domin ya ƙara farashi. A nan kuma "ya haj" ta zama abin da ake kiran kowane mai furfura a cikin mota.

Gadarif tana da nata masu dukiyar. Tun da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, aka kuma kafa hukumar noman inji a 1968 tana raba gonaki masu faddan dubu ko dubu da ɗari biyar, sai sahib mashru'i da tajirin kasuwar amfanin gona suka zama manyan gari. A ƙarƙashinsu akwai wakili mai kula da gona, a can ƙasa kuma akwai jangu, masu yankan riɗi da dawa, waɗanda yawancin iyayenmu a cikinsu suka fara. To a nan ne kalmominmu ke da aiki. Wanda ke biyan lebura hakkinsa kafin guminsa ya bushe, ya ranta wa ƙaramin manomi iri ba tare da ya shaƙe shi ba, wannan attajiri ne kuma mai arziki. Wanda kuwa ke ba da shel, wato ya ba manomi kuɗi a tsakiyar damina lokacin da yake cikin matsi, ya karɓe amfaninsa da kaka a kan wulaƙantaccen farashi, wannan mai kuɗi ne kurum. In muka kira su biyun da suna ɗaya, mun zalunci na farko, mun kuma wanke na biyu.

Masu Suna

Hanya ta huɗu ita ce shahara. Sananne shi ne wanda aka sani a unguwa ko a gari. Fitacce ya yi fice a cikin tsararsa. Shahararre ko mashahuri sunansa ya keta garuruwa, kalmar kuma 'yar'uwar mashhur ce ta Larabci. Gwarzo da jarumi na fagen fama ne, zakara na fagen gasa. Tauraro da tauraruwa su ne najm da najma na maƙwabtanmu. Sai kuma kalmomi biyu da muke roƙon yaranmu su riƙe da kyau. Ta farko ita ce tashe: mai tashe shi ne wanda ake yayinsa yau, gobe a manta, kamar yawancin waɗanda ake kallo a Facebook da TikTok. Ta biyu ita ce ƙaurin suna, wato a san mutum ta hanyar abin kunya. Ɓarawon da ya addabi gari kowa ya san shi, amma ba a ce masa shahararre sai dai a ce ya yi ƙaurin suna.

A tsarin Hausawa na da, shahara ba ta sa mutum a sahun gaba. Makaɗi da maroƙi da sanƙira su ne ke ɗaga sunan sarakuna da attajirai da kirari, amma su kansu a ƙasan tsani aka ajiye su, ba kowane gida ke ba su aure ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fi sarakuna da yawa suna, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, amma duk da haka mawaƙi yake a idon masu sarauta. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990 sai kalmomin suka sake gida. Mujallar da aka fara kiran masana'antar da sunan Kannywood a cikinta a 1999 sunanta Tauraruwa, jarumi da jaruma kuma suka tashi daga fagen yaƙi suka koma kan 'yan wasa irin su Ali Nuhu, wanda masoyansa ke kira Sarki. Yau in ka ce wa yaro jarumi, ɗan fim zai faɗo masa a rai kafin mayaƙi.

A nan Sudan muna da misalin da ya fi kowane kusa da mu. A'isha Musa Ahmad, wadda aka haifa a Kasala, 'yar malamin da ya taso daga ƙasar Sakkwato kan hanyar hajji, ita ce macen da ta fara waƙa a Rediyon Umdurman a 1942, a zamanin da ake ganin fitar muryar mace a rediyo abin kunya ne. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta naɗi faifai a Alƙahira, ta rasu a 1974. Da wane suna ƙasar nan ta san ta? A'isha Falatiyya. Sunan da ake jifar iyayenmu da shi a kasuwa, shi ne ta ɗauka ta kai shi inda ba a iya rubuta tarihin waƙar Sudan ba tare da an ambace shi ba.

Sunayen Bayan Ido

Bayan sunayen da ake faɗa a gaban manya, akwai waɗanda ake faɗa in sun ba da baya, kuma da su talaka ke rama abin da aka yi masa. Jaridu sukan ce ƙusoshin gwamnati, jiga-jigan jam'iyya, masu faɗa a ji, masu ruwa da tsaki. Talaka kuwa yakan ce shafaffu da mai, ko masu uwa a gindin murhu, wato waɗanda ake zuba wa tun kafin a sauke tukunya. Masu cin dukiyar jama'a kuraye ne a bakin Bahaushe, a bakin mutumin Sudan kuma tamasi, wato kadoji. Masu bin babba suna cewa "haka ne" ga duk abin da ya faɗa su ne 'yan amshin Shata. Al'ummar da ta manta irin waɗannan kalmomi takan rasa bakin da za ta tsawata wa manyanta.

Akwai kuma ma'aunin da ba a cika faɗa a gabanmu ba, amma mun san da shi. In mutumin Sudan zai yabi wani yakan ce wad nas, ko wad gabayil, ko wad balad, wato ɗan mutane, ɗan dangi, ɗan ƙasa. Kalmomi ne masu kyau, kuma mun ga maƙwabta da yawa da suka cancance su. To amma sau da yawa asali suke aunawa, mu kuma akan bar mu a waje da sunan Fallata ko Takarir, ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa zuriyarsa na zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar dubban iyayenmu suna yawon ofisoshi, kafin dokokin baya su sassauta.

Kada wani ya ce ai duk wannan zancen baki ne. A watan Yuli na 2022, a jihar Nil Azrak, neman da Hausawa suka yi na a ba su imara a cikin idara ahliyya yana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin da ya ci rayuka fiye da ɗari, domin a tsarin ƙasar nan sarauta da mallakar ƙasa a haɗe suke. Mun ga zanga-zangar da ta biyo baya a Kasala da Hartum da Bur Sudan da nan Gadarif. A watan Oktoba na shekarar kuma aka sake kashe mutane fiye da ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Allah ya jiƙan duk waɗanda suka rasu daga kowane ɓangare. A Kumasi da Ibadan da Agege ana naɗa Sarkin Zango ko Sarkin Hausawa, kowa ya san shugaban jama'a ne mai sasanta rigima da karɓar baƙi. A nan kuwa in aka fassara sarki da amir ko nazir, maƙwabci gona da iyaka yake ji. Wajibi ne masu magana da yawunmu su san wannan bambanci, su riƙa bayyana abin da suke nufi dalla-dalla, ba tare da sun sarayar da haƙƙinmu na 'yan ƙasa ba.

Ranar Wanka

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana haka da idonmu. Da Madani ta faɗi a watan Disamba na 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yuni na 2024, sai Gadarif ta cika maƙil da masu gudun hijira, makarantu suka koma gidajen kwana. Mun ga afandi da ustaz da fannan da tajiri sun iso da kayan jikinsu kaɗai, suna bin layi ɗaya da jangu, kowa da kwanonsa a hannu. Ko da yake sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024 da Madani a Janairu 2025, mutane da yawa kuma sun koma gida, darasin bai kamata ya bi su ya tafi ba.

Wa ya ciyar da jama'a a kwanakin nan? Mun ga masu hannu da shuni da suka buɗe rumbunansu, Allah ya saka musu. Mun kuma ga waɗanda suka ninka kuɗin haya a kan mutanen da suka rasa komai. Mun ga matan unguwa da samari da suka kafa takiyya suna dafa wake da kunu da kuɗin karo-karo, ba mai sanar da isowarsu da lasifika. Mun ga mai ɗaki biyu ya kwashe iyalinsa ya cusa a ɗaya ya ba baƙo ɗayan.

Irin waɗannan mutane Bahaushe yana da sunansu, kuma su ne hanya ta biyar, wadda ba a gado ba a saye. Su ne dattawan arziki da mutanen kirki. Dattijo kalma ce da muka aro daga Fulani, kuma dattako bai tsaya ga furfura ba, shi ya sa ake cewa yaro ya yi dattako, ake kuma cewa wani tsoho tsohon banza ne. Wani Baturen Ingila da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, Kirk-Greene, ya wallafa wata lacca a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba da kyau, babu kuɗi a ciki, babu rawani, babu yawan masu kallo. Da ma an ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Wanda bai iya ɗaukar sharar jama'a ba, to girman jiki ne da shi ko na aljihu.

Saboda haka muna da roƙo guda uku. Na farko ga iyaye: mu riƙa faɗa wa yara waɗannan kalmomi a gida, in baƙo ya tafi mu ce musu wannan alaramma ne, wancan attajiri ne, wancan kuma dattijon arziki ne, ga kuma yadda ake gaida kowannensu. Yaron da ke karatu da Larabci yana wasa da Larabci ba zai tsinci wannan a titi ba. Na biyu ga masu shirya taro da masu riƙe lasifika: a ba kowa sunansa na gaskiya, a kuma tanadi kujerar malami da ta dattijo tun kafin ta mai mota. Na uku gare mu baki ɗaya: in za mu tura wanda zai yi magana da sunanmu a gaban hukuma, ko a zaman sulhu da maƙwabta, ko a kwamitin rabon taimako, mu tambayi kanmu a wane layi yake. Mai tashe zai jawo mana ido na kwana biyu, mai kuɗi zai biya kuɗin mota, amma wanda zai dawo ya faɗa mana gaskiyar abin da aka yi a ɗaki shi muke bukata.

Shi kuwa yaron nan mai lasifika, mun sake haɗuwa da shi a wani ɗaurin aure bayan mako biyu. Da Malam ya ɓullo daga lungu da sandarsa, sai muka ji murya ta tashi: "Allah ya gafarta Malam, Alaramma ya iso." Mutum uku ne suka miƙe daga kujerun gaba a lokaci ɗaya, kowa yana miƙa tasa.

Masu karatu da ke Kasala da Mai Wurno da Damazin da Bur Sudan, muna jiran wasiƙunku a kan kalmomin da kuke kiran manyanku da su waɗanda ba mu ambata ba, musamman na mata, domin Hajiya da uwargida da magajiya da jakadiya suna bukatar filinsu dabam. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya haɗa mu da manya na gari. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.